Fodkas: Zafi a Cikin Huhu Don Masu Asma Mai Tsanani

Auwal: Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Anti Rabi, wai a zura wa mai asma abu mai zafi har cikin huhu? Ai wannan sakiya ce ta Turawa.

Anti Rabi: (dariya) Wanzami bai san da wannan ba. Ka taɓa zama kusa da mai fuka in ta tashi?

Auwal: Ƙanwata. Da hunturu, ƙarfe biyun dare, ta dafa gwiwa, ƙirjinta na kuka kamar sarewa, tana lalubar inhela ƙarƙashin matashi.

Anti Rabi: To, aikin tsoka ne wannan kukan. Akwai tsoka zagaye da bututun iska na huhu. A mai asma mai tsanani takan yi kauri, ƙura kaɗan sai ta shaƙe hanya. Aikin nan, tamofilasti, rage ta yake yi. A sa mutum barci, a zura siririn bututu mai kyamara ta baki ko hanci, a turo waya mai ɗan kwando a bakinta. Kwandon ya buɗe ya taɓa bangon bututun iska, a ba shi zafi digiri 65 na daƙiƙa 10, a matsa gaba kaɗan a sake.

Auwal: Ko ruwan shayi ya fi haka zafi. Zama ɗaya?

Anti Rabi: Uku, da tazarar kamar mako uku. Ƙasan huhun dama, ƙasan na hagu, sannan saman duka biyun. Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2010, ga ɗan shekara 18 zuwa sama wanda magungunan shaƙa suka gaza masa.

Auwal: Ashe sai ƙanwata ta yi sallama da inhela.

Anti Rabi: Ina! Ba ya warkarwa, rage yawan tashin ciwon yake yi. Kuma a kwanakin farko asmar kan tsananta, har a kwantar da wasu. Mai na'urar daidaita bugun zuciya ma ba a yi masa. Tukuna, inhelarta wane launi ce?

Auwal: Shuɗiya.

Anti Rabi: Ta gaggawa ke nan. Ina ta kullum, mai hana kumburi?

Auwal: Wallahi Anti, ban san iri biyu ba ne. Bari mu gama in kira ta.