Manet da Baƙin Fenti: Lacca kan Zanen Faransa

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? To madalla. Abu uku zan faɗa kan Edouard Manet. Manet fa, ba Monet ba, wanda shi ma mai zane ne ɗan Faransa. Ko a Paris, a 1865, an yi ta yi masa barka kan zanen teku, ashe na Monet ne, har ransa ya ɓaci. Ku ma in kun rikice an yafe muku.

Na farko, ɗan masu hali ne, haihuwar 1832. Sau biyu yana faɗuwa jarrabawar shiga sojan ruwa, sai aka ƙyale shi ya yi shekara shida yana koyon zane wajen Thomas Couture. A lokacin wani mai zane, Gustave Courbet, ya riga ya tayar da ƙura da zanen zahiri, wato masu fasa dutse da jana'izar ƙauye, maimakon sarakuna da gumakan Girka. Amma haske da inuwa a zanen Courbet suna nan kan tsohuwar ƙa'ida.

To a nan nake so ku ba ni kunnuwanku. Ƙa'idar ita ce, daga haske zuwa duhu ka bi sannu a hankali, ka goge sawun buroshi kar a gan shi. Manet ya tsallake tsakiyar nan. Fari ga shi, baƙi ga shi, kafaɗa da kafaɗa. Ku ɗauki Olympia, wanda aka rataya a babban baje kolin gwamnati, Salon, a 1865. Ba zan haska muku shi ba, akwai dattawa a nan. Mace ce a kishingiɗe tana kallonka ido cikin ido, mai aiki na miƙo mata furanni, ga baƙar kyanwa a ƙarshen gado. Jikin a shafe yake kamar hoton katin karta, furannin kuwa ɗige-ɗigen fenti ne kawai, sai ka ja baya su zama furanni. Aka ce bai gama ba. Wallahi ya gama! Ya gama, so yake ka ga fenti ne. Baƙin nan nasa kuwa, ni dai ban ga mai irinsa ba. Wajen Velazquez, mai zanen Sifen na zamanin da, ya sha shi, har Madrid ya je a shekarar don ya ga zane-zanensa da idonsa.

Na huɗu... na biyu muke? To. A 1863 alƙalan Salon sun kori zanensa na cin abinci a kan ciyawa, aka nuna shi a baje kolin korarru da Napoleon na Uku, sarkin Faransa a lokacin, ya ba da izini. Matasa irin su Monet da Renoir suka riƙa zama da shi a shagon shan gahawa na Guerbois. Suka ɗauki saurin hannunsa, suka ajiye baƙin, suka fita waje farautar hasken rana.

Na'am, malama?

Tana tambaya ko ya shiga ƙungiyar su Monet, wato waɗanda ake kira Impressionists. Bai shiga ba. Baje koli takwas suka yi daga 1874 zuwa 1886, ko ɗaya bai kai zane ba, duk da Berthe Morisot, matar ƙaninsa, tana ciki. Shi yabon Salon yake nema har ya rasu a 1883. Amma a 1874 ya je Argenteuil, wani gari a bakin kogi kusa da Paris, ya zana Monet cikin kwalekwalensa, kuma ku dubi launukan, sun washe. Babba ne ya koma ɗaukar darasi wajen yaro. Alhaji na nuna mini agogo, na ukun sai wani zaman.