Allurar da ke Nuna Kaluluwar Farko

An rubuto wannan daga faifan laccar da wani likitan hoto ya yi wa ma'aikatan lafiya da ungozomomi a Kura.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Dagaci, iyayena mata, abokan aiki, sannunku da zama.

Kowa a nan ya san kaluluwa. Ƙaya ta soke ka a ƙafa, kwana biyu ka ji ƙullutu a matsematsi. Aikinta tace ruwan jiki. Sankarar mama ma idan za ta yaɗu, ta kaluluwar hammata ta fi bi. A da kwashe su ake yi gaba ɗaya, mace ta tashi da kumburarren hannu, ko taɓarya ba ta iya ɗagawa.

To, ku manoman rani ne. In an sako ruwan Tiga, akwai gonar da yake fara shiga, ko ba haka ba? In ta bushe, ba sai ka zagaya na bayanta ba. Kaluluwa ma akwai ta farko, ita ake nema a cire a duba; in cutar ba ta kai gare ta ba, ba sai an kwashe na bayanta ba. A 1992 wani likitan tiyata, Donald Morton, ya nemo ta da shuɗin rini a sankarar fata, a 1993 wani likitan, David Krag, ya yi da sinadarin nukiliya a sankarar mama.

Sinadarin shi ne teknishiyam-99m. Ba ya tafiya shi kaɗai, sai an goya shi a kan wasu ƙwayoyi, a yi allura kusa da ciwon, na'ura ta bi sawun hasken da yake fitarwa. A ƙwayoyin nan bambancin yake.

Na farar wuta, da Amurka ta daɗe tana amfani da su, manya ne. Kamar yashi a kwata, tafiyarsu a hankali, da yawa ma a bakin allurar suke kwanciya, har haskensu ya rufe kaluluwar da ke kusa. Shi ya sa ake tace su. Na albumin, wani furotin na cikin jini, da Turai ta fi so, ƙanana ne, suna sauri, sai dai wani lokaci su zarce ta farko su haska ta biyu. Tilmanosef kuwa, wato Lymphoseek, da Amurka ta amince da shi a 2013, ya fi su ƙanƙanta, amma yana da wani sukari a jikinsa da ke maƙale wa ƙwayoyin kaluluwa. Ƙarangiya ce ta samu zani. Ga shi da tsada.

Ni dai a ganina, agogo ya fi wannan gardamar damunmu. Duk awa 6 ƙarfin teknishiyam yana raguwa da rabi. In an yi allura ƙarfe 8 na safe, kafin la'asar rabi ya tafi, washegari war haka saura kashi 1 cikin 16. Uwarsa da ake samo shi daga jikinta, molibdinam-99, daga ƙasashen waje ake kawo ta, ita ma duk awa 66 rabi ne. Shi ya sa likitocinmu da yawa shuɗin rini suke sawa. Ku gaya wa mata fitsari zai sauya launi, kada a ce sammu ne.

Na'am Hajiya, ina ji. Kin ce in hannunki ya riga ya ji ƙullutu mai tauri a hammatar mace fa? A'a Hajiya, wannan ba ta allurar nan ba ce. Tura ta za ki yi asibiti a sa allura a cikin ƙullutun kansa, a ɗebo a duba.