Amsoshin Tambayoyinku: Yadda Sunderland ta koma Firimiya

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙar farko ta yau daga wani mai sauraronmu ce, yana cewa: "Don Allah ina garin Sunderland yake, kuma yaya aka yi ƙungiyarsu ta koma Firimiya a 2025?"

To malam, Sunderland gari ne a arewa maso gabashin Ingila, a bakin Tekun Arewa, daidai inda kogin Wear yake shiga teku. Tsakaninsa da Newcastle, abokan hamayyarsu na gado, kimanin kilomita 20 ne. A da, sana'a biyu ce ta riƙe garin: ƙera jiragen ruwa da haƙar kwal. A 1988 aka daina ƙera jiragen, a 1993 kuma aka rufe mahaƙar kwal ta Wearmouth. A kan wannan mahaƙa ce aka gina filin wasansu, Stadium of Light, wanda aka buɗe a 1997. Ka ga ke nan akwai dattawan da suka ƙarar da ƙuruciyarsu a ƙarƙashin wannan ƙasa suna neman abin sawa a baki, yau kuma suna zaune a samanta suna kallon ƙwallo. Shi ya sa a garin nan, in ƙungiya ta faɗi, kamar gari ne ya sake faɗuwa.

Kuma ta faɗi ƙwarai. Ta bar Firimiya a 2017, shekara na zagayowa ta gangara rukuni na uku, inda ta yi kaka huɗu kafin ta fito a 2022. A kakar 2024/25, ƙarƙashin koci Régis Le Bris ɗan Faransa, ta ƙare ta huɗu a Championship, wato rukuni na biyu, da maki 76, bayan ta sha kashi a wasanninta biyar na ƙarshe. Wa zai ce za ta kai labari? A wasan cike gurbi da Coventry, sai a minti na 122 Dan Ballard ya sa kai ya ci ƙwallon da ta kai su wasan ƙarshe a filin Wembley. Can kuma, ranar 24 ga Mayu 2025, Sheffield United ce ta fara zura ƙwallo, Eliezer Mayenda ya farke, sannan Tom Watson, ɗan shekara 19, ya ci ta biyu a minti na 95. Abin dariyar shi ne, tun kafin wasan an riga an sayar da shi ga Brighton. Kyautar ban-kwana ya ba su.

Wata baiwar Allah kuma ta rubuto tana tambaya: "Adalci ne a ce Sheffield mai maki 90 ta zauna, mai 76 ta wuce?"

Hajiya, ƙa'ida ce da kowa ya sani tun farkon kakar 2024/25: biyu na sama su wuce kai tsaye, kamar yadda Leeds da Burnley suka yi da maki 100 kowacce, na uku zuwa na shida kuma su fafata a kan gurbi ɗaya. Amma gaskiya, da ni ɗan Sheffield ne, da ban yi barci ba a daren nan.

Sai wanda ke son sanin ko ɗan Afirka ya taɓa bugawa Sunderland. Ƙwarai kuwa. Asamoah Gyan na Ghana ya je can a 2010, bayan gasar cin kofin duniya ta Afirka ta Kudu, ya tarar da ɗan ƙasarsu John Mensah, sannan Sulley Muntari ya biyo su aro a 2011.