Ɗan Kwangila ko Ma'aikaci? Ba Takarda Ce Ke Raba Gardama Ba

Ku ɗauka ga takardar yarjejeniyar aiki a gabanku. Layi na uku, an rubuta ɓaro-ɓaro cewa mai sa hannu ɗan kwangila ne mai zaman kansa, ba ma'aikacin kamfani ba. Ya rattaba hannu, kamfani ya buga hatimi. To, shi ke nan magana ta ƙare?

Ina! Ko farawa ba a yi ba. Kuma a nan ne masu kamfanoni da yawa, har da wasu lauyoyin da ke rubuta musu yarjejeniya, suke tuntuɓe.

Dalilin rigimar kuɗi ne. Ma'aikaci yana da haƙƙin mafi ƙarancin albashi, da hutun da ake biya, da kariya idan za a sallame shi. Ɗan kwangila kuwa, a biya shi ladan aikinsa a rabu. Wannan kowa ya sani, mu wuce.

Abin da ba a gane ba shi ne, alƙali ba ya tsayawa kan sunan da aka laƙaba wa mutum. Yadda aikin ke gudana yau da gobe yake dubawa. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta faɗi haka tun 2006, a shawararta mai lamba 198: a bi zahirin yadda ake aikin da yadda ake biya, ko da takarda ta faɗi akasin haka. Shawara ce, ba ta ɗaure kowace ƙasa ba, amma kotuna da dama wannan hanyar suke bi.

Ga misalin da ya fi tashe. Ranar 19 ga Fabrairu, 2021, Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke hukunci tsakanin Uber, kamfanin manhajar kiran motar haya, da direbobinsa. Uber ya ce shi dillali ne kawai, yana haɗa direba da fasinja. Kotu ta ce to mu gani. Wa ke yanka kuɗin mota? Uber. Wa ya rubuta sharuɗɗan? Uber, direba bai da ta cewa. Idan direba ya cika ƙin karɓar fasinja fa? Manhaja ta fitar da shi na minti 10. Taurarin nan da fasinja ke bayarwa, idan suka yi ƙasa, gargaɗi ne, daga nan sai a rabu da shi. Sannan an toshe hanyar da direba zai ƙulla hulɗa da fasinja ya mai da shi kwastomansa.

Ku ɗan tsaya ku yi tunani a nan. Mutumin da bai isa ya sa wa aikinsa farashi ba, bai isa ya tara kwastomomi ba, wace sana'ar kansa yake yi? Hanya ɗaya ta rage masa ta ƙara samu: ya ƙara awannin tuƙi.

Hujjar kotun ita ce ta fi burge ni. Ta ce an yi dokar ƙwadago ne don kare mai rauni, kuma mai ƙarfi ne ke rubuta yarjejeniya. Idan aka bar takardarsa ta yanke hukunci, an ba kura ajiyar nama ke nan.

Sai dai a kula, don a nan ma ana kwaɓawa. Kotun ba ta ce direbobin cikakkun ma'aikata ba ne. Dokar Birtaniya tana da rukuni na tsakiya, masu haƙƙin mafi ƙarancin albashi da kuɗin hutu, amma ba su da damar ƙarar korar zalunci. Nan aka ajiye su. Ƙasar da ba ta da wannan rukuni, lauya ya yi hattara kafin ya ɗauko hukuncin ya kai gaban alƙali.

Yanzu ga dabarar da lauyoyi suka fi so: a cusa sharaɗin cewa mutum yana iya turo wani ya yi aikin a madadinsa. A 2011, a shari'ar kamfanin Autoclenz, masu wanke masa motoci suna da irin wannan sharaɗi a takarda, amma a wurin aiki kowa ya san dole mutum ya zo da kansa. Kotun Ƙolin Birtaniya ta yi watsi da sharaɗin. A Nuwamban 2023 kuma, ita dai wannan kotu ta ba Deliveroo, kamfanin kai abinci, gaskiya a ƙarar da ƙungiyar ƙwadago ta shigar, saboda masu kai abincin suna da damar turo wani da gaske, har wasunsu suna yi. Sharaɗi iri ɗaya, sakamako biyu.

Don haka ku lauyoyi, kafin ku buɗe kwamfuta ku fara rubuta yarjejeniya, ku nemi abu huɗu daga kamfanin: jadawalin aiki, takardun biyan kuɗi na aƙalla wata shida, bayanin wanda ya mallaki kayan aikin, da saƙonnin da shugaban sashe ke tura wa mutanen. Na ƙarshen nan shi ne maƙura. Ga irinsa: "Gobe ƙarfe bakwai kowa ya hallara, wanda ya makara za a yanke masa." Layi ɗaya, ya rushe yarjejeniya mai shafi ashirin. Idan kun ga irinsa, gyaran kalmomi ba zai yi magani ba. Ko dai kamfani ya sassauta riƙo da gaske, ko ya ɗauki mutanen aiki ya huta.

Sauran a gurguje. A Kalifoniya ta Amurka, tun hukuncin da kotun ƙolin jihar ta yanke a shari'ar kamfanin Dynamex a 2018, kafin a ɗauki mutum ɗan kwangila, kamfani ne zai tabbatar da abu uku gaba ɗaya: ba ya juya mutumin, aikin ba ya cikin ainihin harkar kamfanin, kuma mutumin yana da sana'ar kansa a wannan fanni. Na biyun ne ke kayar da mafi yawa, ko da yake ƙuri'ar jama'a ta 2020 ta cire direbobin manhaja daga wannan ƙa'ida. Tarayyar Turai kuma ta kafa ƙa'ida a 2024: inda aka ga alamun kamfanin manhaja na juya mutum, za a ɗauke shi ma'aikaci, kamfani ne zai kawo hujjar akasi. An ba ƙasashen Tarayyar wa'adi zuwa Disamban 2026 su sa ƙa'idar a dokokinsu.

Idan aka yi kuskure, lissafi baya yake komawa: cikon albashi, kuɗin hutun da ba a biya ba, wani lokaci har da haraji. Kuma da mutum ɗaya ya yi nasara, sauran sai su biyo sahu. Direbobi ƙalilan ne suka kai Uber ƙara. Wata ɗaya bayan hukuncin, kamfanin ya sauya matsayin direbobi sama da 70,000 a Birtaniya.