Tafasa ko Rai Ɗore? Ku Dubi Bakin Ganyen

Jama'a, barkanmu da ruwa. Tun da damina ta sauka ake ta turo mana hoton ganye, tambayar kuma ɗaya ce: wannan tafasa ce ko rai ɗore? Wasu ma sai sun kai gida sun ɗora tukunya suke tambaya.

Ga su nan gefe da gefe, a fili ɗaya suka tsiro. Dangin juna ne, furensu duka rawaya. Idan sun girma ba wuya: kwanson tafasa siriri ne, dogo, a lanƙwashe, na rai ɗore kuwa mai faɗi ne. Sai dai lokacin da ake tsinkar ganye, wato yanzu, babu fure babu kwanso. Nan ake rikicewa.

To ku matso. Wannan tafasa ce. Ƙananan ganye shida a kan reshe ɗaya, uku nan uku can. Ku dubi bakin kowanne: a zagaye yake, ya fi faɗi daga sama, ya tsuke wajen gindi. Yanzu ga rai ɗore. Yawanci takwas ko goma ne, bakin kuma tsini gare shi kamar mashi. Kada ku dogara da ƙirge kawai, domin ƙaramin rai ɗore yakan zo da shida shi ma. Bakin ganyen ne ba ya ruɗi. Mu sake gani a hankali. Zagaye. Tsini.

Akwai alama ta biyu. Ku bi reshen rai ɗore har inda ya haɗu da kara, za ku ga wani ɗan ƙullutu mai duhu. Ita tafasa nata ƙullutun yana tsakanin ganye biyu na ƙasa. Masu cewa a shinshina, ni ban yarda da wannan ba, duka biyun suna da wari.

Na san ana jiƙa rai ɗore don maganin zazzaɓi, amma wannan dabam yake da cika kwano da shi. 'Ya'yansa guba ne. A yammacin jihar Uttar Pradesh ta Indiya an yi shekaru yara suna mutuwa ana zaton cutar ƙwaƙwalwa ce, sai a 2007 likitoci suka danganta abin da cin 'ya'yan wannan tsiro, wanda ke lalata hanta da tsoka. Iyaye mata, yaran da kuke aika tsinka, ku nuna musu da hannunku.

Sauran aikin kwaɗon tafasa kun san shi. Toho ake tsinka, ba tsohon ganye ba. A guji bakin kwalta da bola da gonar da aka yi wa feshi. A wanke, a dafa da 'yar kanwa, a tsiyaye ruwan, a matse sosai, in ba haka ba ciki zai yi ta kiran sunanku. Sai ƙuli-ƙuli, albasa, tumatir, yaji, gishiri da man gyaɗa. A Darfur da gabashin Chadi wannan ganyen suke dakawa, su binne a tulu kusan mako biyu, ya zama kawal na miya. Ni dai a ba ni kwaɗon, ƙulin ya ji sosai.