"Little Green" Ba Waƙar Saurayi Ba Ce

[Bangon faifai: fuskar mace cikin shuɗi mai duhu]

Wannan da kuke gani Joni Mitchell ce, mawaƙiya 'yar Kanada. Kundin kuwa sunansa Blue, ya fito ranar 22 ga Yunin 1971. Waƙa 10 ce a ciki, wajen minti 36, kafin wake ya nuna kun gama saurare.

Abin da ya sa na ɗauko shi, na sha cin karo da gajerun bidiyo, budurwa ta zabga tagumi, an rubuta "ya tafi ya bar ni", sannan waƙa ta uku a kundin nan, "Little Green", tana tashi a ƙasa. Jama'a, auren dole aka yi wa waƙar nan.

[Hotunan 1970, a jere da sauri]

Ban ga laifinsu sosai ba, domin kundin cike yake da samari. Ta rabu da mawaƙi Graham Nash, ta tattara ta tafi Turai. Wannan ƙauyen Matala ne a tsibirin Kirit na ƙasar Girka, inda a wancan lokacin matasa ke kwana a kogunan dutse, can ta samo waƙar "Carey". Ta dawo Amurka, soyayya ta ƙullu tsakaninta da James Taylor, wanda jitarsa na cikin faifan, ita ma ba ta yi ƙarko ba. Shi ya sa har yau masu saurare ke zaman rabon gado: wannan waƙar ta wane ce, waccan ta wane. Da suka iso ta uku sai suka nemo mata namiji ita ma.

[A tsayar da hoto. Toronto, dusar ƙanƙara]

Mu koma watan Fabrairun 1965. Joni tana da shekara 21, ta bar makarantar koyon zane a Kalgari, ba kuɗi, ba aure, ga ciki. Wanda ya yi cikin ya kama gabansa. Iyayenta da ke Saskatun ba su san komai ba. Ta haifi 'ya mace a Toronto, daga baya ta sa hannu a takarda ta bayar da ita.

To nan ne nake so ku ba ni kunnuwanku, domin in aka ce "ta ba da riƙo", mu abin da ke zo mana daban ne. A wajenmu yarinya tana hannun gwaggo ko kaka, ta san uwarta, da Sallah a kai ta gaisuwa, ranar aurenta uwa na cikin gida. A Kanada ta wancan zamani ba haka ba ne. Kina sa hannu, shi ke nan. A sauya wa yarinya suna, a rufe fayil, ba ki san gidan da take ba, ita ma ba ta san ke ce ba. Ko a layin motar haya kuka haɗu, sai dai ku wuce juna.

Yanzu ku saurari waƙar da wannan a zuciya.

[Jita kaɗai, daƙiƙa goma]

Ta fara da batun raɗa suna. Wa ake raɗa wa suna? Saurayi? Sai ta ce uban ya tafi Kalifoniya saboda ya ji can ya fi ɗumi. An rubuta masa wasiƙa ana gaya masa launin idon jaririya, shi kuma ya aiko da rubutacciyar waƙa. Waƙa fa! Ba kuɗin madara ba. Wallahi duk sanda na zo nan sai na yi tsaki. Daga nan ta ambaci yarinya mai goyon yarinya, da ƙaryar da ta gaji da aikawa gida, da sa hannu a takardu. Komai a fili yake kamar tsakar rana, amma mai sharhin mujallar Rolling Stone a 1971 cewa ya yi baitocin sun fi ƙarfin fahimta.

Dabarar da ta ɓoye labarin ƙarama ce. Ba ta ce "ni" ba. Tun daga farko har ƙarshe "ke" take cewa, kamar tana ba da labarin wata. Sunan 'yar ma ba ta kama ba, sai ta kira ta da launi, 'yar koriya, domin sunan da ta raɗa mata sunan wani nau'in kore ne a Turanci. Ni dai abin yana tuna mini iyayenmu mata da ba sa kama sunan ɗan fari, sai dai su kunya ce ta hana su, ita kuwa asiri take rufewa.

Ta rubuta waƙar shekaru kafin sauran, ta riƙa rera ta a gaban jama'a, ana tafi. Sai a 1993 wata jaridar tsegumi ta fasa ƙwan. Uwa da 'ya suka ga juna a 1997, bayan shekara 32.

[Hannunta a kan tsirkiya, kusa-kusa]

Ku dubi hannun hagun nan. Shan inna ya kama ta tana shekara 9, ya raunana shi, sai ta riƙa sauya ɗaurin tsirkiyoyin jita don yatsunta su huta. Shi ya sa in ka ɗauki jitarka yadda aka saba ɗaure ta ka ce za ka bi ta, sai ka ji kamar gishiri bai ji ba. Wancan dogon katakon da ta kwantar a cinya kuma dalsima ce, ita kuke ji a "A Case of You".

Waƙar "River" da ke cikin kundin ma tana da nata masu yi mata auren dole. Don ta buɗe da amon kiɗan Kirsimeti a fiyano, duk Disamba sai a saka ta a shaguna, alhali mace ce ke cewa ita ta kori masoyinta da halinta. Wannan kuma sai a wani bidiyon, wata rana.

A 2020 Rolling Stone ɗin nan dai ta sa Blue na 3 cikin kundaye 500 da ta ce sun fi kowanne. Ni a wajena "A Case of You" ta fi daɗin kunne, amma "Little Green" ce ba na iya saurara ina tuƙi.

Ga ta nan daga farko. Ku lura da baitin ƙarshe, inda take yi wa yarinyar fatan gamawa lafiya, kuma a lokacin ba ta ma san sunan da ake kiran ta da shi ba.

[Waƙa ta shigo]