Ingancin Kwaleji Ba Aikin Mako Guda Ba Ne

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Sharhinmu na yau zai leƙa manyan makarantunmu ne na nan Jihar Bauchi, musamman kwalejojin da ke koyar da darussan adabi da harsuna, da kasuwanci, da kimiyya, domin mu tattauna a kan ingancin karatun da 'ya'yanmu ke samu a cikinsu, da kuma wanda ke da alhakin sa ido a kai.

Duk wanda ya taɓa aiki ko karatu a babbar makaranta ya san yadda wuri ke canzawa idan aka ce masu tantance kwasa-kwasai na tafe. Mako biyu kafin zuwansu za ka ga masu fenti sun cika harabar, an share ciyawa, an gyara famfon da ya shekara ba ya kawo ruwa, an kafa sababbin alluna a ƙofar kowane sashe. Wannan duk ba laifi ba ne, ko a gida idan za a yi baƙo ana shara. Inda gizo ke saƙar shi ne abin da ake yi bayan fenti. A wasu wurare akan aiko mota ta kwaso na'urorin hangen ƙwayoyin cuta daga wata makaranta, a jera su a kan tebura. A kwaso littattafai a cika kantocin laburare da su. A gayyato malamai masu digirin digirgir daga maƙwabta, a liƙa sunayensu a ƙofofin ofisoshi, su zauna na kwana biyu kamar 'yan gida. Ranar da baƙi suka kama hanya, motar nan ta dawo ta kwashe kayanta, a ɓanɓare sunayen daga ƙofofi, ɗalibi ya koma inda yake. Hausawa dai sun riga sun faɗa, zanen aro ba ya rufe katara. An samu takardar amincewa, amma yaron da ya biya kuɗin makaranta domin ya koyi kimiyya zai fita bai taɓa ɗora idonsa a kan na'urar ba.

Su wane ne waɗannan masu tantancewa? Ƙasar nan tana da hukumomi uku manya a kan wannan aiki. Akwai NBTE, wadda aka kafa a 1977 mai hedikwata a Kaduna, ita ke kula da kwalejojin kimiyya da fasaha da makamantansu masu ba da ƙaramar difloma da babbar difloma. Akwai NCCE, wadda ta zo a 1989, mai kula da kwalejojin horon malamai masu ba da shaidar NCE. Sai NUC mai kula da jami'o'i, har da kwasa-kwasan digiri da wasu kwalejoji ke gudanarwa a ƙarƙashin wata jami'a. Idan tawagarsu ta zo, takan duba manhaja, da yawan malamai da matakin karatunsu, da ajujuwa da ɗakunan gwaji, da laburare, da tsofaffin takardun jarrabawa da yadda aka yi musu maki. A tsarin NUC, kwas yana buƙatar aƙalla kashi 70 cikin ɗari kafin ya samu cikakkiyar amincewa ta shekara 5. Wanda ya gaza kaɗan a ba shi ta wucin gadi ta shekara 2 ya gyara, wanda ya faɗi warwas kuma a hana shi ɗaukar sababbin ɗalibai. Kuma abin ba wasa ba ne, domin wanda ya kammala kwas ɗin da ba a amince da shi ba yana iya rasa damar zuwa yi wa ƙasa hidima, takardarsa kuma ta zame masa kaya a wajen neman aiki.

To, ni ban ga laifin waɗannan hukumomi ba a kan kafa ƙa'ida. Amma a duba lamarin da idon basira. Mutane ne 'yan ƙalilan, suna zuwa na 'yan kwanaki, sau ɗaya a shekaru. Abin da aka nuna musu shi za su gani. Sauran ranakun da ke tsakanin wannan ziyara da ta gaba, wa ke kallo? A nan ne maganar take. Inganci na gaskiya a cikin gida ake yin sa, ranar Talata da ƙarfe takwas na safe, lokacin da babu baƙo, babu mai ɗaukar hoto, sai malami da ɗalibansa.

Jihar nan ba baƙuwa ba ce a harkar ilimi mai zurfi. Muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Gwallameji tun 1979, muna da ta jiha mai ɗauke da sunan marigayi Abubakar Tatari Ali, gwamnan farar hula na farko. Ga Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh a Azare, ga ta Kangere, ga ta A.D. Rufa'i a Misau, ban da Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da jami'ar jiha da ke Gadau. Manyanmu da suka bi ta BACAS, wato tsohuwar Kwalejin Adabi da Kimiyya ta Bauchi, kafin su shiga jami'a har yau suna ba da labarin irin horon da suka sha a can. Wa ke cika waɗannan makarantu a yau? 'Ya'yan manoma ne daga Ningi da Darazo da Alkaleri, da 'ya'yan 'yan kasuwar Wunti da Muda Lawal, da 'ya'yan ƙananan ma'aikata. Mai hali yana da zaɓi, ya kai ɗansa makarantar kuɗi ko ƙasar waje. Talaka kuwa buhun masararsa ko ɗan akuyarsa yake sayarwa ya biya kuɗin rajista, kuma ba shi da wata ƙofa sai wannan. Shi ya sa idan karatu ya lalace a nan, wanda aka cuta shi ne wanda ba shi da bakin magana.

Yawancin makarantun nan yanzu suna da ofishin tabbatar da inganci, da darakta, da allo a ƙofa. Abin tambaya shi ne, me ofishin ke yi tsakanin ziyara da ziyara? Aikinsa ba ɓoyayye ba ne. Shi ya kamata ya san ko malami ya shiga aji sau nawa a zango, kuma ko ya kai ƙarshen manhaja ko a tsakiya ya tsaya ya ce a karanta sauran a handawut. Shi ya kamata ya tabbatar cewa kafin a buga tambayoyin jarrabawa wani malamin ya duba su, ya ga sun dace da abin da aka koyar, ba tambayoyin bara aka sake juyowa ba. Bayan an yi maki, a ɗebo wasu takardu a ba wani masani daga wata makaranta ya sake dubawa, ya rubuta rahoto, a kuma karanta rahoton a yi aiki da shi. Sannan sakamako ya fito a kan lokaci. Ku je gaban allon sanarwa ranar da aka liƙa sakamako ku ga abin tausayi. Yarinya ta bi layi da yatsa har ta iso lambarta, ta tarar an bar gurbin makinta fayau, alhali ta zauna jarrabawar, ta sa hannu a takardar halarta. Daga nan sai zarya, daga ofishin shugaban sashe zuwa na jami'in jarrabawa, a ce ta dawo gobe, gobe a ce malamin ya yi tafiya. Ƙarshenta a ce ta sake kwas ɗin, ta ƙara shekara a kan laifin da ba nata ba. Makarantar da ke ƙirga irin waɗannan takardu da suka ɓace a kowane zango, ta binciko inda suka maƙale, ta hukunta mai sakaci, ita ce ke tabbatar da inganci, ko da bangonta bai ga fenti ba.

Kowane fanni kuma da irin ciwonsa. A kimiyya, matsalar ita ce gwaji ya koma labari. Malami ya zana kwalba a allo, ya ce da za a zuba wannan a cikin wannan da launi ya canza, ɗalibai su rubuta su haddace. Wani lokaci ma kayan suna nan a cikin kwalayensu ba a buɗe ba, saboda babu wutar da za ta ɗauke su, ko babu ma'aikacin da ya iya sarrafa su, ko kuma ana tsoron kada su lalace kafin zuwan baƙi na gaba. A kasuwanci, za ka ga mai difloma a aikin akanta wanda ya iya zana jadawalin shiga da fita a takarda tsaf, amma idan aka zaunar da shi gaban kwamfuta aka ce ya fitar da lissafin albashin ma'aikata goma, sai gumi. Shirin SIWES, wanda asusun horar da ma'aikatan masana'antu na ITF ya ɓullo da shi tun 1973 domin ɗalibi ya je ya ga aiki da idonsa, a wurin wasu ya zama neman wanda zai buga hatimi a littafi kawai, malamin da ya kamata ya bi sawu bai taka ƙafarsa wurin ba. A fannin adabi da harsuna da tarihi kuwa, inda karatu da rubutu su ne jari, aji ɗaya sai ya ɗauki ɗaruruwa, wasu a tsaye, wasu ta taga. Wane malami ne zai iya karanta rubutun kowa ya gyara masa? Daga nan ne ake samun kundin kammala karatu da aka saya a shagon kwamfuta, an canza suna da shekara kawai.

Ba mu kaɗai ke fama da wannan ba, kuma akwai abin dubawa a wajen wasu. A Indiya, inda kwalejojin adabi da kasuwanci da kimiyya suke da yawan gaske, an kafa hukumar tantancewa mai suna NAAC a 1994. Abin da ya ja hankalina a tsarinsu shi ne an ɗora wa kowace kwalejin da aka tantance nauyin kafa kwamitin inganci na cikin gida, wanda zai riƙa aika rahoto duk shekara a kan abin da aka yi niyya da abin da aka cimma. A kwamitin akan sa wakilan ɗalibai, da tsofaffin ɗalibai, da masu ɗaukar ma'aikata. Su ma suna da nasu matsalolin, amma dabarar a ce makaranta ta riƙa auna kanta kowace shekara a rubuce, abin koyi ce.

Yanzu bari mu yi wa malamai da shugabannin makarantu adalci, domin ba daidai ba ne a jibga musu laifin duka. Malamin da ke koyar da kwas biyar, yana duba takardu sama da abin da ido zai iya ɗauka, ƙarin girmansa ya makale shekara da shekaru, ba za a nemi ya yi abin al'ajabi ba. Shugaban da kuɗin gudanarwa ba ya isarsa sayen man janareta, dole ya waiwayi kuɗin shiga, sai a buɗe karatun yamma da na ƙarshen mako, a ɗebi ɗalibai fiye da adadin da hukuma ta ƙayyade wa kwas. Ana samun kuɗin, amma inganci ne ke biyan bashin. Asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa a madadin tsohon asusun ETF, ya yi rawar gani. Shekara da shekaru kuɗinsa daga harajin ilimi da kamfanoni ke biya ya riƙa fitowa, wanda ya faro daga kashi 2 cikin ɗari na riba, ya kai kashi 3 a 2023. Duk wanda ya zaga makarantunmu zai ga gine-gine masu ɗauke da sunansa, kuma malamai da dama sun ƙaro karatu da tallafinsa. Sai dai TETFund ba ya biyan albashi, ba ya ɗaukar sababbin malamai. Wannan nauyin mai makaranta ne, wato gwamnatin jiha a makarantun jiha, ta tarayya a nata. Idan malamai goma suka yi ritaya aka maye gurbin biyu, ko an gina bene mai hawa uku, aji zai zauna babu mai koyarwa, kuma ranar tantancewa dole a koma aro.

Akwai kuma muryar da ba a cika saurara ba, ita ce ta ɗalibi. Shi ya san malamin da ke zuwa da wanda ba ya zuwa. Shi ya san wanda ya ce duk wanda bai sayi handawut ba kada ya sa ran cin jarrabawa. Ɗalibai mata sun san waɗanda ke neman su da lalata a bakin maki. Amma wa zai faɗa, alhali makinsa na hannun wanda zai kai ƙara? Sai an samar da hanyar da ɗalibi zai auna malaminsa a ƙarshen zango ba tare da rubuta suna ba, kuma sakamakon ya wuce kai tsaye zuwa ofishin inganci, ba ta hannun sashen da ake ƙorafi a kansa ba. Shi ma daraktan ingancin, idan yana tsoron rasa kujerarsa duk ranar da ya faɗi gaskiya, to allo kawai aka kafa. Kamata ya yi a ba shi wa'adi tsayayye, rahotonsa kuma ya isa gaban majalisar gudanarwar makaranta. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.

Saboda haka muna kira ga hukumomin tantancewa da su riƙa komowa ba tare da sanarwa ba, wata uku ko shida bayan ziyara, su nemi kayan da aka nuna musu, su kuma gwada sunayen malamai da takardar biyan albashi. Muna kira ga kwamitin ilimi na Majalisar Dokokin Jihar Bauchi da ya riƙa shiga ajujuwa da ɗakunan gwaji a ranakun karatu, kada ziyarar ta tsaya a ofishin shugaba. Kowace kwaleji kuma ta liƙa a ƙofarta, ta sa a shafinta na intanet, jerin kwasa-kwasanta da matsayin kowanne da shekarar da amincewarsa za ta ƙare. Ku kuma iyaye, kafin ku biya kuɗin rajistar bana, ku je da ƙafarku ku tambayi ofishin rajistara ko kwas ɗin da aka ba ɗanku yana da cikakkiyar amincewa, ku ce a nuna muku a rubuce.